Ƙarshen Fim Ɗin da Ban Gani Ba

Mukhtari ya ƙaryata ni a gaban mota guda cike da mutane, ranar da aka koma aiki bayan hutun ƙarshen shekara, muna tsaye cik a cunkoson Nyanya. Abin da ya yi mini ke nan. Bai doke ni ba, bai taɓa abincina ba. Kuma don kada wani ya ce na ɓoye rabin magana, gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ya shara mini da tuni na manta. Gaskiyar tasa ce ta kashe mini baki, ta kuma tayar da wata tsohuwa daga ɗakin da ta yi shekaru tana jiran ɗanta a ciki.

'Yata ce ta fama mini wannan tsohon miki ba da saninta ba. A hutun da ya wuce na same ta kwance a tabarma a tsakar gidanmu na Kurudu, waya a hannu, igiya a kunne. Na leƙa, sai na ga ta sa yatsa ta ja fim ɗin fuu har ƙarshe, ta duba, sannan ta dawo farko. Na ce, "Ke, me kike yi haka?" Ta zare igiya ɗaya ta ce, "Baba, ƙarshen nake dubawa. In ba daɗi, kar in ƙona datata a banza." Na koma gindin mangwaro na zauna. Wato yanzu ƙarshen fim abu ne da ake jawowa da ɗan yatsa, kamar a jawo kwanon tuwo. Ni kuwa na yi shekara biyar ina kallon fim ban ga ƙarshen ko ɗaya ba.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, Abuja tana tashi kamar ƙullin waina. Ka wuce fili yau, bayan wata biyu ka tarar bene ya tsaya a wurin yana kallonka. Ƙarar guduma, ƙarar tifa, ƙarar injin kwaɓa siminti, su ne kiɗan garin. Wayar hannu ta shigo, mai ita ya rataya a ƙugu, ya riƙa gyara riga don a gani. Kowa yana jin gobe tasa ce. Mu ƙananan ma'aikata ba mu da wurin kwana a cikin gari, sai can Masaka da Mararaba, don haka ma'aikatarmu ta ba mu doguwar mota. Baba Dogo ke tuƙa ta, wani tsohon direba da goro ba ya barin kumatunsa. Ana sallame sallar asuba zai danna hon sau biyu a bakin kasuwar Masaka, ba ya yin na uku. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin cikin motar nan: ƙosai mai zafi a takarda, man shafawa, turare mai arha, ɓawon lemo. Awa biyu muke yi a hanya, wata rana uku. Mota ta matsa taku biyar, ta tsaya, ta yi nishi.

A makon farko na sabuwar shekara muna da al'ada. Da mun hau titi Baba Dogo zai kashe rediyo ya ce, "To, an buɗe kotu. Wa ya ga me?" Kiristocinmu sun dawo daga ƙauye da doya da labarin fina-finan da aka kalla da janareta a gidan wani kawu. Mu da muka zauna a gari mun sha na Indiya da na Hausa da na Caina. Kowa ya ba da wanda ya gani, mota ta yanke hukunci. Ba wanda ya damu da sunan fim. Abin da ake tambaya shi ne, jarumin ya kyauta ko bai kyauta ba? Wani akawu mutumin Binuwai zai miƙe yana riƙe da ƙarfe ya ce na Indiya duk ƙarya ne, ta yaya za a kashe wa mutum uba ya hau dutse yana rawa? Mai buga tafireta ta ce, "Kai da kake kallon na Caina, mutum ya yi tsalle daga nan sai Keffi, wannan ne gaskiya?" Mota ta ɗauki dariya har masu tallan burodi a titi su leƙo. Masinja ya yi gardama da mai digiri, ba mai ce masa ya san matsayinsa. Baba Dogo yakan ce, "A ofis ne ake mataki-mataki. A motata kujera duk tsayinta ɗaya." Yanzu je ka shiga motar ma'aikata ranar komawa aiki. Kowa ya sunkuya, fuska tana haske, kunne a toshe. Mutum talatin, fim talatin, ba wanda ya san abin da ya sa na kusa da shi murmushi.

A kotun nan ni ne na ƙarshe kullum, don in na fara ba mai son biyo baya. Silima suke kirana. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, ni da a ofis ba a san sunana ba sai "direba", a motar nan in na gyara murya har mai tauna ƙosai yakan dakata.

Ga yadda nake kallon nawa fina-finan. Direban Darakta ne ni, direban oga kuwa ba shi da hutu. Kullum in je gidansa a cikin gari in zauna a benci a baranda ina jiran aike. Bayan azahar sai Hajiya matarsa da yara da baƙi su taru a falo, a sa faifan da oga ya zo da shi daga waje. Tagar falon tana daidai kafaɗata. Ta cikin raga, ta tsakanin labule biyu nake hango telebijin, shi ma ba duka ba, kan wani yakan tare gefe guda. Turancinsu yana gudu ya bar ni, sai na koyi karanta fuska. Wanda zai ci amana, tun daga yadda yake riƙe kofi nake gane shi. Kuma kullum, wallahi kullum, daidai lokacin da fim ya ɗauko gangara sai Hajiya ta tuna da abincin baƙi. "Direba! Maza Kado, a sayo kifi. Ka tsaya a gyara shi." In miƙe, ina tafiya ina waiwayen taga.

A Kado nake ƙarasa su. Kasuwar kifi ba wurin mafarki ba ce, amma ni a can nake yin nawa. Tarwada tana bugun baho, wuƙaƙe suna sauka a kan katako kaf-kaf-kaf, mata suna kira, "Oga direba, zo nan, nawa ya fi sabo!" Ni kuma ina jingine da mota ina jiran a kankare, ido a buɗe amma ba na wurin. Sai in ɗauko mutanen da na baro a telebijin in ci gaba da tafiya da su. In mayar da matar da ta gudu. In kama azzalumi, amma ba da wuri ba, sai ya ɗan ji daɗi tukuna. Wanda na ga ya sha wuya da yawa in ba shi gida da rijiya. Kafin a ɗaure mini kifi a leda na gama, har da abin da kowa ya faɗa. In dawo in tarar an kashe telebijin, yara suna ƙwallo. Ban taɓa tambayar kowa yadda aka ƙare ba. Da farko kunya ce ta hana ni. Daga baya kuma ba na so in sani.

Mutum ɗaya ne ya san wannan, shi ne Mukhtari. Ƙanen Hajiya ne, sabon ɗauka a ma'aikatarmu, da digirinsa da jakarsa ta fata. Yana haya a Mararaba, a nan yake shiga motarmu, amma da hutu yana cikin falon nan, ƙafa a kan kafet. Shekarar farko da ya ji na ba da labari, muna sauka ya ja ni gefe yana dariya har da hawaye. "Silima, Allah ya shirye ka! Ai ba haka aka ƙare ba. Amma wallahi naka ya fi nasu." Shekara huɗu yana jina, wani lokacin har ya waiwayo ya kashe mini ido. Na ɗauke shi ɗan'uwa.

Sai Mama Rifkatu. Mai shara ce a hawa na uku, mutuniyar Filato, gajeriya, kullum da shuɗin ɗankwali. Kujerarta tana bayan tawa. Ɗanta ɗaya, Bitrus, ya tafi Legas neman aikin jirgin ruwa, shekara shida ba wasiƙa ba saƙo. Ɗakinta a Masaka yana bakin kwata, duk damina sai ruwa ya shiga ya ɗaga mata tabarma. 'Yan'uwanta sun yi sun yi ta tashi, ta ƙi. "Nan ya bar ni," take cewa. "In na tashi ya zo, wa zai nuna masa?" Duk Kirsimeti ba ta zuwa gida. Ta dafa shinkafa ta mutum biyu, ta zauna a bakin ƙofa. Kowa a motar ya sani, ba mai taɓa zancen.

A hutun shekarar nan aka sa wani fim da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba faɗa, ba rawa. Wata ƙasa ce fara fat, dusar ƙanƙara tana sauka a hankali kamar audugar rimi. Wani tsohon Bature shi kaɗai a gidan katako, can nesa da titi. Kullum da safe ya ɗauki shebur ya share hanya daga ƙofarsa har bakin titi, ya tsaya ya dubi gabas ya dubi yamma, ya koma. Kafin gari ya waye ƙanƙara ta rufe, ya sake sharewa. Akwai hoton wani saurayi a bangonsa. Ba sai an fassara mini ba. Ina zaune a baranda rana tana dukan ƙafata, amma sai da na ji sanyi a tafinta. Ina jin ƙarar shebur ɗin nan, shaf, shaf, numfashin tsohon yana fita kamar hayaƙi. An kai inda ya fara tari, ya durƙushe a tsakiyar hanya, shebur ya kuɓuce masa, sai na ji, "Direba!"

Ranar a Kado na cusa hannu cikin ƙanƙarar da ake zuba wa giwan ruwa, na bar shi har ya sandare, don in san abin da tsohon yake ji. Mai kifin ta ce, "Oga, lafiya?" Na ce lafiya. A nan na dawo masa da ɗansa.

Ranar komawa aiki Mukhtari ya ce yau shi ma zai ba da nasa. An ƙara masa girma kafin hutu, ya zo da sabuwar kwat. Ya ɗauko wani fim ya fara jero sunayen 'yan wasa, da wanda ya shirya, da kyautar da aka ba su, da abin da masana suka ce. Mutumin Binuwai ya yi hamma da ƙarfi. Baba Dogo ya tofar da goro ta taga ya ce, "Malam Mukhtari, fim muka tambaya, ba rahoton taro ba. Silima, karɓe mu." Mota ta fashe da dariya. Mukhtari ya yi murmushin da bai wuce haƙora ba, ya juya yana kallon titi. Da ina da hankali da na lura.

Na ba su tsohon. Na ba su farar ƙasa, da shebur, da tari. Mota ta yi tsit, har Baba Dogo ya bar fili a gabansa 'yan acaɓa suna shiga bai yi hon ba. Na ce tsohon yana durƙushe, ido ya fara rufewa, sai ya ji shaf, shaf, alhali nasa shebur yana ƙasa. Ya ɗaga kai. Can daga bakin titi wani mutum ne da jaka a baya yake sharo hanya yana nufo shi. Ɗan ya manta kamannin gidan, duk gidaje sun zama ɗaya a cikin ƙanƙara, amma guda tak ya ga alamar ana share wa hanya. Suka haɗu a tsakiya. Ɗan ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe uban.

Ba a yi gardama ba ranar. Mai tafireta tana share ido da gefen mayafi. Sai na ji hannu a kafaɗata daga baya. Mama Rifkatu ce.

"Ɗana, shekara nawa ya yi kafin ya dawo?"

Na ce, "Tara, Mama." Ban san inda na samo tara ba.

Ta ƙirga da yatsu, ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "To ai ni saura uku. Mamansa fa, ta mutu?"

Na buɗe baki ke nan sai muryar Mukhtari ta tashi, a sama, don kowa ya ji. "Mama, kar ki biye masa. Ba wani ɗa da ya dawo. Tsohon a wurin ya mutu, ƙanƙara ta rufe shi ta rufe hanyar, sai da ta narke aka gan shi. Ni ina cikin falon, na kalla har rubutun ƙarshe. Shi wannan yana Kado yana sayen kifi. Bai taɓa ganin ƙarshen fim ko ɗaya ba, ta taga yake leƙe. Ku tambaye shi. Gani ya kori ji."

Wani ya yi 'yar dariya a baya ya haɗiye ta. Mutumin Binuwai ya ce, "Silima, da gaske?" Hannun yana nan a kafaɗata. Mama Rifkatu ta ce a hankali, "Ɗana, yaron bai zo ba?" Da na ce mata ya zo, da ni za ta gaskata, ba mai kwat ba. Na san haka. Amma na kasa. Na ce, "Ban gani ba, Mama." Ta ɗauke hannunta. Baba Dogo ya kunna rediyo, aka shiga labaran duniya.

Washegari ba a buɗe kotu ba. Da shekara ta zagayo Baba Dogo ya gwada, amma duk wanda ya fara sai wani ya ce, "Ka ga ƙarshen kuwa?" a yi dariya. A nan abin ya mutu. Ni ban ƙara buɗe baki ba. Sunan Silima ya zauna, sai dai ya koma na tsokana. Mama Rifkatu ba ta yi fushi da ni ba, da ma ta yi. Tana gaishe ni kullum, amma ta koma kujerar baya. Kafin ruwan farko ya sauka ta ajiye aiki, ta ɗaure kayanta a buhu biyu. Ni na kai ta tasha. Ta ce, "Na gaji da kwata, ɗana." Ba ta ambaci fim ba. Wasu za su ce da ma ta gaji, ba ruwan Mukhtari. Su faɗa. Ni na ji nauyin hannun nan lokacin da yake kafaɗata, na kuma ji lokacin da ya tashi.

Mukhtari ya sayi mota a shekarar, ya daina shiga tamu, ya yi ta hawa matakan aiki. Ni kuwa, da oga ya yi ritaya aka mayar da ni gareji, daga baya aka sallame mu da yawa. Yanzu ina noman masara a bayan Kurudu, ina ɗan jigila da wata tsohuwar mota. Ba na kallon fim. In yara suka kunna sai in fita.

Kwana uku bayan maganar 'yata aka aiko cewa Baba Dogo ya rasu. Na je zaman makoki a Masaka. Muna kan tabarma sai ga baƙar jif, aka buɗe wa mutum ƙofa. Mukhtari ne, ya yi ƙiba, furfura a gemu, babbar riga tana ƙamshi. Darakta ne yanzu. Aka yi addu'a aka shafa. Zai tafi ke nan ya hango ni, ya buɗe hannuwa.

"A'a! Silima! Ashe kana nan? To, wane fim aka gani a hutun nan?"

Na miƙe na bi shi har jikin mota, don ba na son hayaniya a gidan mutuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. Fim ɗin tsohon nan mai shebur, yaya ya ƙare?"

"Wane tsoho?"

"Mai share ƙanƙara. A falon Hajiya."

Ya yi tunani da gaske, na gani a fuskarsa. Sannan ya yi dariya. "Kai Silima, fim nawa mutum ya gani a duniya? Wallahi ban tuna ba."

"Mama Rifkatu fa? Mai shara a hawa na uku."

Ya girgiza kai, ya fara laluben aljihu. Direbansa yana riƙe da ƙofa yana kallon ƙasa.

Na ce, "Cire hannunka daga aljihu, ba abin da na zo nema ke nan ba. Tunda kai ka gani ka manta, bari in gaya maka. Matar nan ta bar ɗakinta saboda maganar da ka yi don an yi maka dariya. A tasha ta faɗa mini sunan ƙauyensu, na rubuta a bayan lasisina. Na dawo na ba mai gidan da take haya lambar wayar da oga ya ba ni don aike, na ce in wani ya zo cigiyarta a kira ni. An sayar da gidan sau biyu, sau biyu ina zuwa in ba sabon mai shi. Layin nan ban taɓa canza shi ba. Har yau ba a kira ba, ban ma san ko tana da rai ba. Kai kuwa kana barcinka lafiya, ai gaskiya ka faɗa. To ka sani akwai mutum ɗaya a Kurudu da bai yafe maka ba. In an tambaye ka gobe a gaban Allah, kada ka ce ba a gaya maka ba. Shiga motarka, ranka ya daɗe. Direbanka ya gaji da tsayuwa."